Mai kula, makiyayi ko mariƙi? A taya ni neman kalma

Jama'a sallama. Kalma nake nema, kuma ba na so in yanke ni kaɗai.

Makon jiya yaron da ke koyon aiki a wajena ya shigo da kwamfuta a hannu, fuska a murtuke. Wata 'yar manhaja da ke buga rasit a tsarin da muka haɗa wa wani kantin magani ta ƙi aiki bayan an sabunta na'urar. Ba mu muka rubuta ta ba, a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, muka ɗauko kyauta kamar kowa. Muka buɗe shafinta, sai ga koke-koke a jere kamar layin mai. Wani bawan Allah ma har ya yi gyaran da kansa ya turo, yana jiran a karɓa. Amsa ta ƙarshe da mai ita ya bayar kuwa ta haura shekara biyu. Sai na ji bakina yana cewa "ai maintainer ɗin ne ya gudu." Abin ya tsaya mini a rai. Mun samo wa manhaja suna, mun samo wa kalmar sirri, amma wannan mutumin har yau da Turanci muke kiransa.

Ga waɗanda ba 'yan harkar ba: buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutunta a fili, kowa ya karanta, ya kwafa, ya gina nasa a kai. Kowa na iya kawo gyara, amma ba kowa ke shigar da shi ba. Akwai mutum ɗaya ko 'yan ƙalilan da mabuɗi ke hannunsu. Su ke duba abin da aka turo su ce ya shiga ko ya koma, su ke fitar da sabon zubi, dubban kwamfutoci su jawo shi ba tare da kowa ya karanta ba. Yawancinsu ko sisi ba a biyansu. Shi nake nema wa suna. Ga abin da jama'a suka ce, da amsar da na ba su.

Wani ɗan'uwa daga Kano: Haba Malam, wannan ma abin wahala ne? Mai kula. An wuce wajen.

Ni ma da ita na fara, ɗan'uwa, kuma ita ce za ta fi saurin zuwa bakin mutane. Matsalarta faɗi. Mai kula da ɗalibai, mai kula da janareta, mai kula da takalma a ƙofar masallaci. Idan mai kula ya tafi sai a sa wani gobe. Nan kuwa in ya tafi da mabuɗi yake tafiya.

Wani kuma: Makiyayi fa? Shanun ba lallai nasa ba ne, amma shi ke kwana da su.

Ta yi daɗi a kunne, wallahi har na so ta. Amma ka san abin da ke faɗo wa mutum a rai in ya ga "makiyayi" a kanun labarai yanzu. Ba na so kalmar ta shigo da rigimar da ba tata ba.

Wani daga Maraɗi: Mu nan Faransanci ne a bakin masu aikin, amma in za mu yi wa mai kanti bayani cewa muke "mai gyara". Kowa na ganewa.

Madalla, mutanen Katsinar Maraɗi. Sai dai bari in ba ka labarin da ya sa nake ganin gyara ba shi ne ƙashin bayan aikin ba. Akwai wata manhaja mai suna event-stream a npm, wani rumbun ƙananan manhajoji a intanet, wadda a 2018 ake saukewa kusan sau miliyan biyu a mako. Wanda ya rubuta ta, Dominic Tarr, ya daɗe da daina amfani da ita, kuma ba abin da yake samu a kanta. A 2018 wani da bai sani ba ya rubuto masa cewa yana so ya ci gaba da ita, shi kuwa ya miƙa masa. Sabon ya cusa wani abu a ciki da aka tsara don satar Bitcoin daga masu amfani da Copay, wata manhajar ajiyar Bitcoin. Sai a watan Nuwamba aka farga. Ka ga ba abin da ya lalace da ake neman mai gyara. Hannu ne ya sauya, kuma duk masu jingine da ita ba wanda aka shawarta.

Wata malamar Hausa daga Zariya: Ɗana, duk bayanin nan da kake yi riƙo kake siffantawa. Yaron da aka ba ka amana ɗan riƙo ne, kai kuma mariƙinsa. Mace mariƙiya, jam'i mariƙa. Kalmar tana nan, ba sai an ƙera ba.

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Na karanta wannan sau uku. Abin da ya ƙara kama ni shi ne su kansu masu harkar da wannan idon suke kallon abin. A Debian, ɗaya daga cikin tsofaffin tsare-tsaren Linux (buɗaɗɗiyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta), tun 1993 take, idan mutum ya saki manhajar da ke hannunsa maraya suke kiranta a harshensu, a sa ta a jerin masu neman wanda zai ɗauka, kafin nan kuma wani rukuni na masu duba inganci ya riƙa leƙa ta. Ashe gidan kalmar a gine yake a Hausa: manhaja ta zama marainiya, ana neman mariƙi, wane ya karɓi riƙonta, wance ta saki riƙo.

Bari in gwada ta a kan labarin da ya fi kowanne tayar da hankali. xz ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, tana cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Lasse Collin ya yi shekaru yana riƙe da ita kusan shi kaɗai, ba biya. A 2022 ya fito ya ce rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ta daɗe tana rage masa ƙarfin aiki. A daidai lokacin wasu sunaye suka yi ta matsa masa lamba cewa ya yi sanyi, ya ba wani. Ga kuma wani mai kiran kansa Jia Tan, mai haƙuri, mai ladabi, yana ta turo gyare-gyare masu kyau. Sannu a hankali aka ba shi mabuɗi. A zubi na 5.6.0 da 5.6.1 ya bar ɓarauniyar hanya da za ta ba shi damar shiga kwamfutocin mutane. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, shi ya lura shiga ta ssh, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tona a ranar 29 ga Maris 2024. Rabin daƙiƙa fa! Ni da na gani da network zan zarga in wuce.

Yanzu faɗe shi da kalmar Hajiya: mariƙi ya gaji, dangi ba wanda ya leƙo, baƙo ya zo da fara'a aka ba shi yaro. Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san inda labarin zai ƙare, ko bai taɓa ganin Linux ba.

Ɗan'uwan Kano ya dawo: To amma Malam, wanda ya rubuta ta da hannunsa ai mahaifi ne, ba mariƙi ba. Kuma mariƙi ai har na buta da na kofi.

Ta farkon ta ci. Na ga a bar su biyu: mawallafi wanda ya fara rubutawa, mariƙi wanda take hannunsa yau. Mutum ɗaya na iya zama duka, kamar Tarr kafin 2018, kuma ranar da suka rabu ce ranar da ya kamata mu buɗe ido. Ta butar kuwa ba ta dame ni ba. In mariƙin ya karye ai da ruwan zafi ake ƙonewa.

Don haka ni dai daga yau mariƙin manhaja zan riƙa rubutawa, wadda aka saki kuma marainiya. Ɗazu na gwada wa yaron nan, na ce masa 'yar rasit ɗinmu marainiya ce. Bai tambaye ni ma'ana ba, cewa ya yi, "To Oga mu ɗauke ta mana." Na ce ya fara ƙirga koken da ke shafin tukuna. Yana can yana ƙirgawa.

Saura manhajar da ake jingina da ita. Ni majingina nake cewa, wani ya ce madogara. Hajiya, muna jiranki.