Sifikar motata tana ɗaukewa tana dawowa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Sifikar ƙofar direba ce ke ɗaukewa, in na faɗa rami sai ta yi tsit can kuma ta dawo da kanta, wani lokacin ma buɗe ƙofa kawai ke dawo da ita. Sauran ukun lafiya lau. Abin ya dame ni wallahi.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam tunda buɗe ƙofa na shafarta to waya ce, kar ka yi saurin sayen sabuwar sifika. Duba cikin robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, wayoyin wajen suna karyewa ta ciki saboda yawan buɗewa da rufewa, ka ga bayanta kalau amma tagullar ta tsinke. Kunna rediyo ka riƙa motsa robar a hankali kana saurare.

Amsa ta biyu:
In ba nan ba ne ciro sifikar ka auna da mitar gwajin lantarki, yawancinsu ohm 4 ne. Danna takardar gaban sifikar a hankali, in lambar mitar na tsalle kwayil ɗin, wato naɗaɗɗiyar wayar cikin sifikar, ne ya fara mutuwa.

Mai tambaya:
Robar ce kuwa, ina taɓawa ta ɗauke. Allah ya saka da alheri.