Matsin man fetur yana faɗuwa a allon jirgi in na hau sama, amma inji lafiya lau

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu a nan Texas, injin Rotax 912 ULS ne mai kabureta. Sati uku ke nan matsin man fetur yana mini wasa da hankali. A ƙasa allo yana nuna psi 4.5 (psi ma'aunin matsi ne). Ina fara hawa sai ya riƙa zamewa a hankali, kafin na kai ƙafa 5,000 ya dawo 2.0, jar wuta ta kama, ƙara ta cika mini kunne. Littafin injin ya ce kada ya gaza 2.2. Na kunna famfon lantarki, ɗan motsi kawai ya yi. Shi kuwa inji ko tari bai yi ba. Ina saukowa lambar ta koma inda take, kamar ba ita ba.

Na canza filta, na zubo mai daga ƙasan tanki na duba, babu ruwa babu datti. Abokan nawa sun ce sensa ce, wato na'urar da ke auna matsin ta aika wa allo, mu yi odar sabuwa. Ni dai gabana faɗuwa yake, ranar ɗana ne zaune a gefena.

Injiniyan Zazzau:
Wa'alaikumussalam. Ɗan'uwa, kada ka yanke wa sensa hukunci ba shaida. A ajiye jirgin tukuna. Nemo gejin hannu mai allura, ka haɗa shi a tiyon da ke zuwa kabureta, ka tayar da inji a ƙasa ka kwatanta da allo, da famfon lantarki da kuma babu shi. Geji ya tsaya a waje, kada ka kuskura ka shigo da tiyon fetur inda kake zaune. Wane mai kuke sha? In fetur na mota ne, ga zafin garinku, yana iya tafasa cikin tiyo ya zama tururi, musamman in jirgi ya sha rana bayan an kashe inji. Duba ɗan siririn tiyon da ke mayar da mai tanki, ko ƙaramin raminsa ya toshe.

Ɗan Fagge:
Na gode, Injiniya. Na mota ne, amma da sanyin safiya ma haka yake yi. Geji da allo sun zo ɗaya a ƙasa.

Matuƙiya:
Yayana, lissafinka ne ya ja hankalina. Daga 4.5 zuwa 2.0 a ƙafa 5,000, wato rabin psi a kowace ƙafa dubu. Kusan haka matsin iska yake raguwa in ana hawa. Tururi ba ya bin lissafi haka, tsalle lambar take yi, inji ma yakan nuna alama. Irin sensar nan mai waya uku tana auna mai ne ta kwatanta da iskar waje, kuma iskar tana shigar mata ta wata 'yar kafa, a wasu ta cikin soket ɗin kansa. In kafar ta toshe, iskar ƙasa ta maƙale a ciki ke nan, sai sensa ta ɗauka har yanzu kana filin jirgi. Ka tuna ko wani ya taɓa soket ɗin kwanan nan. Ka sa mitar auna lantarki ma: volt 5 za ka gani a wayar wuta, wajen 0.5 a wayar saƙo in babu matsi.

Baba Makaniki:
Yaran zamani da allo! Mu da muka saba da mai waya ɗaya, jikinta ne nagatif ɗinta. Yaro zai naɗa mata farin tef na masu gyaran famfo ya ɗaure, gobe allura ta haukace a rasa dalili. Maganar 'yata Matuƙiya ta shige ni, amma ko da ita ce, a cire tiyo a auna yawan man da famfo ke zubarwa cikin galan kafin a tashi.

Ɗan Fagge:
Matuƙiya, Allah ya ƙara basira. Da kunya nake faɗa, aikina ne. Watan jiya da muna duba wayoyi na dumbuza giris a soket ɗin don kada danshi ya shiga. Yau da na zare shi har wani ɗan "fus" na ji. Mun wanke, mun auna mai a galan kamar yadda Baba ya ce, mai duba mana jirgi ya sa hannu. Na tashi ni kaɗai ina kewaya saman fili har ƙafa 6,000, bai sauka ƙasa da 4.2 ba. Sensar da abokaina suka riga suka yi oda kuma jibi za ta iso, sun ce ni zan biya.