Sawun kadan Sacheon: ina na ƙafafun gaba suka shiga?

Masana sawun da ya daskare a dutse, wani abu ya cije mini, ina neman taimakonku. Batrachopus grandis, wanda aka bayyana a 2020 daga Sacheon a Koriya ta Kudu, sawun dangin kada ne da ya haura shekara miliyan 100. Tsawon kowanne santimita 18 zuwa 24, yatsu huɗu, har zanen ɓawon fata ya fito. Amma duk na ƙafar baya ne. Babu na gaba, babu jan wutsiya, layin tafiyar kuma matsattse ne.

A ce iyo dabbar take yi shi ya sa babu sawun gaba, wannan bai gamsar da ni ba, domin kada mai iyo karcen farce yake bari, diddigensa ba ya zama a laka haka. Saura biyu: ko da ƙafa biyu dabbar ta yi tafiya, ko ƙafar baya ce ke taka gurbin ta gaba tana shafe shi.

Nan na tsaya. In takawa ce, ai da wuya ta dace a kowane taku ba kuskure. Wace alama ake nema a gefen sawun ko zurfinsa da ke nuna an taka wuri sau biyu? Hoton 3D zai iya fito da ita?