Ƙofar katako ta falo: wane itace ne ba ya tsagewa da hunturu?

Mai_Gini:
Assalamu alaikum. Kafinta zai yi ƙofar falo mai murfi biyu, ƙafa 7 da ƙafa 4. Madaci ko afara? Kuma me ke sa ƙofa ta tsage idan iskar hunturu ta kaɗa?

Tsohon_Kafinta:
Wa alaikumus salam. Malam, ɗauki madaci ko iroko. Afara gara na cin ta, ta fi dacewa da cikin ɗaki. Amma babbar matsalar ɗanyen katako ce. Yawancinsa daga kudu ake kawo shi da laima a jiki, ya iso Kano ko Katsina ya bushe farat ɗaya, sai ya tsage ko ya karkace. A jera shi a inuwa, a sa ƴan sanduna tsakanin kowane falanki, ya sha iska aƙalla wata biyu kafin a yanka. Kada a shanya shi a rana.

Mai_Zane:
Ƙari a kan maganar Baba: kada a haɗa firam da ƙusa kawai. A fafe rami, a zura harshen katakon da gam. Allon tsakiya kuwa ba a sa masa gam, a bar shi cikin kwarminsa yana motsi, domin da damina zai kumbura.

Tsohon_Kafinta:
Haka ne. Kauri inci ɗaya da rabi, hinji uku kowane murfi. A shafa banish har saman ƙofar da ƙasanta, ta nan laima ke shiga.