Abin da aka koya mana a makaranta da abin da muka tarar a karkara

Likita mai ritaya, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Tun da aka buɗe tsangayar koyar da aikin likita a Jami'ar Ahmadu Bello a 1967 jihar nan take yaye likitoci, daga baya kuma Jami'ar Jihar Kaduna ta samu asibitin koyarwa na Barau Dikko, amma har yau matar da naƙuda ta zo mata da gardama a ƙauyen Birnin Gwari ba ta samun kulawar da ta Unguwar Rimi ke samu, balle ta Ingila. Ina roƙon duk wanda aka taɓa tura shi karkara, yana ɗalibi ko bayan kammalawa, ya faɗa mana ko karatun ya shirya shi ga abin da ya tarar.

Likita, Zariya: Wa alaikumus salam, Baba. Ni dai watannin da aka tura mu karkara a darasin kiwon lafiyar al'umma sun fi komai amfani a wurina. A asibitin koyarwa mun saba rubuta gwajin jini da hoton ciki kafin mu yanke hukunci, a can kuwa babu ko ɗaya, sai na'urar awon hawan jini da ido da hannu. Wani jami'in lafiya na matakin farko, wanda ya yi karatunsa a Makarfi, shi ya nuna mini yadda ake gane ƙarancin jini daga fatar ido da tafin hannun yaro, da yadda ake ƙirga numfashi don gane ciwon huhu. Duk wannan yana cikin littattafanmu, amma ba a taɓa tilasta mana dogara da shi ba. Abin da ke damuna shi ne yawancin abokan karatuna sun ɗauki zaman a matsayin sharaɗin cin jarrabawa kawai, domin shi ne ɓangaren da ba a ba shi daraja kamar tiyata.

Ungozoma, Kafanchan: Likita ya faɗi gaskiya, sai dai a ganina matsalar tana farawa tun daga wanda ake ɗauka. A asibitin da na fara aiki, mata da dama ba sa zuwa awon ciki idan namiji ne zai duba su, wasu kuma ba sa jin Turanci, Hausar ma kaɗan suke ji. Da aka ɗauko 'yan mata biyu daga yankin aka horar da su aka dawo da su, zuwa awo ya ƙaru a idonmu, saboda iyayen mata sun san gidajen da suka fito. Tsarin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2014, na miƙa wasu ayyuka ga ƙananan ma'aikatan lafiya, ya taimake mu ƙwarai; yanzu wanda aka horar yana iya yi wa mai ciki da jijjiga ta kama allurar farko kafin a nemo mota, kuma na ga matan da hakan ya ceta. Habasha ta bi irin wannan hanya tun 2003, inda take horar da matan ƙauye su yi aiki a ƙauyukansu.

Ɗalibi, ajin ƙarshe: Iyayena, ku yi mini afuwa, zan faɗi abin da ke bakin 'yan ajinmu. Da yawa sun fara shirin jarrabawar fita Ingila ko Saudiyya tun kafin horon sanin makamar aiki, kuma ba don ba sa son mutanensu ba. Inda aka tura ni babu masauki, wutar lantarki sai an yi sa'a, ga fargabar hanya da daddare.

Likita mai ritaya, Tudun Wada: Ɗana, babu mai zarginka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya tsakanin ƙasashe a 2010, daga baya kuma ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da ta ba da shawarar kada a riƙa farautar ma'aikatansu, amma ƙa'idar ba ta hana mutum neman aiki da kansa. Mu ke horarwa da kuɗin talaka, ƙasashe masu arziki su amfana. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya kuwa ba ta kai wannan adadi ba. Hajiya, 'yan matan nan biyu suna nan a asibitin har yanzu?

Ungozoma, Kafanchan: Ɗaya tana nan, ita ce ma ke riƙe da ɗakin haihuwa. Ɗayar ta samu gurbin ƙaro karatu a Zariya, kuma muna ƙoƙarin ganin ƙaramar hukuma ta ajiye mata gurbinta har ta dawo.