Shin jaki yana da haƙƙi a kan mai shi?

Mai tambaya daga Gusau: Malamai, tunda jaki dukiyar mai shi ne, me zai hana ya labta masa kayan da ya ga dama?

Daga Argungu: Ɗan'uwa, mallaka ba ta soke haƙƙi, domin Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha har ta mutu.

Daga Yawuri: Malam, wannan nauyin tausayi ne a wuyan mutum, da dabba tana da cikakken haƙƙin rayuwa, da ba a halatta yanka rago ba.

Daga Ƙauran Namoda: A ganina, ko Tarayyar Afirka da ta hana yanka jakuna don fatarsu a 2024, ƙarewarsu ce ta dame ta, ba wahalarsu ba.