Lita 25 ba ta kai ni Juma'a, ku yaya kuke yi?

Baban Sadiƙu, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, bakina ya manta da "cika tanki". Litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura dubu a ƙarshen 2024. Kullum ina zuwa aiki Bukuru da tsohuwar Corolla, amma lita 25 ba ta kai ni Juma'a. Duk wanda ya gwada wata dabara ya ga amfaninta da idonsa ya taimaka mana. Ban da "an ce".

Ɗan Farin Gada:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara tambayar bakanikenka ko tamostat ɗin motar, wato abin da ke daidaita zafin inji, yana nan. Ni ranar da tawa ta iso daga Kwatano aka cire shi, wai na ƙasar Turawa ne, aka haɗa fanka kai tsaye, da ka murɗa makulli ta kama juyawa. To mu da ke Jos wane zafi muke gudu? A Disamba sai in je Bukuru in dawo allurar zafi ba ta ɗaga ba, ni kuma ina murna wai injina lafiyayye ne. Ashe injin yana son zafin da ya kai wajen digiri 90. Muddin yana sanyi, kwamfutar motar ƙara masa mai take yi, kamar mai kabureta da ya manta cok, abin ƙara wa inji mai in yana sanyi, a jawo. Shekara biyu ina wannan asara. Da na mayar da shi aka gyara wayar fanka, man kwana biyar ya koma kai ni mako guda.

Maman Ilham:
Ni tawa matsalar ɗumama mota ce. Sai in tayar da ita in koma ciki shirya yara, tana ta ƙugi kusan minti ashirin. Ƙanena ya ce, "Yaya, minti ɗaya ya isa, ki ja a hankali, a tafiya ta fi saurin ɗumi." Haka nake yi yanzu. Sannan ya nuna mini wata 'yar takarda a jikin ƙofar direba mai adadin iskar da taya ke so. Da muka je wurin mai faci, tayoyi biyu sun yi ƙasa sosai, a ido kuwa lafiya lau. Buhun dankalin da ya yi mako biyu a but ma na sauke shi, kada ku yi dariya.

Alhaji Direba:
Shekara ashirin da wani abu ina jigilar Jos zuwa Abuja ta Akwanga. Rabin man mota a ƙafar direba yake. Yaran yanzu su take totur har ƙasa daga shataletale, su ci birki a na gaba, man da suka ƙona ya tafi a banza. Ni in na hango cunkoson Terminus tun daga nesa nake ɗage ƙafa. A babbar hanya ba na wuce 90 zuwa 100. Mai gudun 130 zai riga ni isa, amma zai riga ni shiga gidan mai.

Ɗan Rikkos:
Baba, ai ni gangaren Hawan Kibo firi nake sa ta, mai ko ɗigo.

Alhaji Direba:
Yaro, ka daina, don Allah. A firi injin yana shan mai don kada ya mutu. Amma mota mai injekta in tana cikin giya a gangare ka ɗage ƙafa daga totur, yanke man take yi, tayoyi ne ke juya injin. Ka ga ba ka rage komai ba, kuma ka bar wa birki shi kaɗai nauyin mota a wannan gangare. In ya yi zafi sai ka taka ka ji ba kowa. Na ga abin da ba na son faɗa a wurin nan. Ka sauko da giya uku, in da kaya ma biyu.

Ɗan Rikkos:
Na ji, Baba. Allah ya kiyaye.

Malama Hauwa, Tudun Wada:
Kunna esi kam mu nan ba mu da uzuri, sai ko a Maris da Afrilu. Na kuma daina fita sau uku a rana. Kasuwa, makarantar yara da gidan Hajiya duk a fita ɗaya. Masu sammakon sayen mai wai ya fi auki da safe, na yi wata guda ina yi, ban ga komai ba sai rashin barci. Tankin gidan mai a ƙarƙashin ƙasa yake, rana ba ta dame shi ba.

Baban Sadiƙu:
Na gode, jama'a. Ɗan Farin Gada, yanzu na baro gareji. An kwance, babu tamostat, fulogi biyu kuma sun yi baƙi ƙirin. Bakaniken ya ce shi da hannunsa ya cire tamostat ɗin shekara uku da suka wuce, wai taimakona ya yi. Gobe za a sa sabo, na zuba lita 25 na rubuta lambar kilomita a takarda.